Babi na 7: Awon Ƙarfin Wuta a Tankin Jel

Darasi na 1

To jama'a sannunku da ƙoƙari, kun riga kun iya zuba jel, wato daskararren abin nan da wuta ke tura DNA ta cikinsa don a rarrabe shi, kun iya ɗiga samfurin DNA a ƴan ramukan nan hannu ba ya rawa, yau kuma sai batun wuta. Lambar nan da ke fitowa a fuskar inji, 80 ko 100, sunanta bolt, wato ma'aunin ƙarfin wuta. Amma ita kaɗai ba ta wadatar, sai an san nisan da wutar za ta ratsa, shi ya sa muke cewa bolt nawa a kowace santimita.

Kashe inji, zare soket tukuna. Buɗe murfi ka leƙa ƙasan tankin, za ka ga wata ƴar siririyar waya kamar zare kwance a wannan gefe, akwai ƴar uwarta a can ɗaya gefen. Ɗauki rula ka auna daga waya zuwa waya. Ba jel za ka auna ba. Na san jel ɗin ne ido ya fi gani, shi hannu ke kaiwa, kowa haka ya fara kar ka ji kunya, amma ɗaga rular ka maida ta kan waya.

Misali waya zuwa waya santimita 20, kana son bolt 5 a kowace santimita, wanda ya dace da jel ɗin agaros na yau da kullum, sai ka ce 20 sau 5, ɗari kenan, ka saita inji a 100. In kuwa jel ka auna ya ba ka 10, za ka saita 50, ka yi ta zaman jira har la'asar shuɗin rinin nan da ke cikin samfur bai kai rabin jel ba.

Sake aunawa. Daga ina? Waya. Zuwa ina? Waya. Haba Baba, wancan makon sau uku na faɗa kuma na zagayo na tarar da rula shimfiɗe a kan jel, har mutum huɗu! Don Allah ku rubuta a bangon littafinku da manyan baƙi, WAYA ZUWA WAYA, ni dai na gaji da maimaici.

Darasi na 2

Baƙar igiyar wuta a gefen ramuka, ja a can ƙarshe, saboda DNA wajen ja yake tafiya. In ka juya su samfurinka baya zai bi ya zube cikin ruwan bafa, wato ruwan da jel ke nutse a ciki, aikin yini ya tashi a banza. Rufe murfi, kunna, duba ko ƴan kumfa na tasowa daga wayoyin. In babu, wuta ba ta shiga ba.

Darasi na 3

Kar ka cika wuta don sauri. Ruwa zai ɗau zafi, layukan DNA su dame. Rage.

Darasi na 4

Rubuta bolt, santimita da lokaci a littafi. A tambayi na kusa in ba a gane ba.