Kurakuran da na gaji da gani wajen sabbin masu hidimar majinyata a Legas

Duk sanda aka ɗauki sabbin yara aikin tura gado da hidimar majinyata, kuskuren na bana shi ne na bara, kamar sun haɗa baki. Bakina ya gaji, bari in rubuta.

Mafi muni shi ne ba da ruwa don tausayi. Dattijon da aka kawo daga Agege ko Alaba Rago, ba ya jin Yarbanci, Turancinsa bai wuce na ciniki ba, da ya ji ka yi Hausa shi ke nan ya sami ɗa. Zai kama hannunka ya ce, "Ɗana, don girman Allah ko kurɓi ɗaya." Sai ka fasa ledar ruwa ka miƙa masa, alhali ga takarda a kan gadonsa, kada ya ci kada ya sha, tiyata za a shiga da shi. In allurar barci ta kama mutum, tarin da ke tsare masa huhu shi ma ya kwanta, abin da ke ciki sai ya taso ya gangara huhu. Shi ya sa ake hana abinci aƙalla awa 6 kafin aiki. Wani yaro da ke ƙarƙashina ya taɓa zuba ido wata baiwar Allah ta ba mijinta koko da asuba, wai koko ba abinci ba ne. Aka soke aikin, bawan Allah ya koma bin layi da ciwonsa, ni kuma na sha takardar tuhuma, saura ƙiris in rasa aikina. Har yau in na tuna kukan matar nan raina yana ɓaci. Rubutu da zamzam ma sai nas ta yarda. Ni abin da nake yi, in nemi izini in jiƙa auduga in shafa masa a leɓe, sannan in yi wa masu jinya bayanin dalili da Hausa. In kuwa an riga an sha, gaya wa nas nan take, kada ka rufa wa kowa asiri.

Haka in likita ya kira ka tafinta. In ya ce za a yanke ƙafa, kada ka ce "ɗan gyara za a yi". Faɗi abin da aka faɗa. Abin da ka ji kuma kada ya bi ka teburin mai shayi a Idi-Araba, inda kowa ya san kowa.

Sai safar hannu. Haba ƙannena! Ka zubar da fo, ka tura keken majinyaci, ka amsa waya, duk da safa ɗaya? Kun manta 2014? A watan Yuli wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a Legas da cutar Ebola, Dokta Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti a Obalende, ita kanta cutar ta yi ajalinta a watan Agusta. Mutum 8 suka rasu a Najeriya, da ma'aikatan lafiya a cikinsu. Majinyaci ɗaya, safa ɗaya, ka cire ka wanke hannu da sabulu. Kada ka kuskura ka danna ledar shara da hannu don ta ƙara ɗauka, allura na iya ɓoye a ciki. In ta soke ka, wanke wurin da sabulu a bakin famfo, ka kai rahoto a take, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, kuma gara a awannin farko. Rigakafin ciwon hanta nau'in B allura 3 ce, ka cika su.

Sauran ba sa buƙatar dogon zance. Taka birkin keke kafin ka zaunar da mutum. Ledar fitsari a ƙasa da mara take zama, ba a ɗora ta kan cikinsa. Babban mutum ba a ɗaga shi kai kaɗai, kira abokin aiki, ka lanƙwasa gwiwa ka bar bayanka a miƙe. Wanda ba ya iya motsi a juya shi duk bayan awa 2, in ba haka ba gyambon kwanciya ya kama shi. Hannu mai maiƙo ba ya taɓa kan tukunyar oksijin. Rufe wa Hajiya jiki da zane kafin ka fito da ita baranda. Kuɗin goro daga masu jinya ni ba na karɓa, wasu na ganin ba komai, amma da ka karɓa ka fara bambanta gado da gado. In za ka tafi salla kuma, gaya wa nas wanda ka bari a madadinka.