Ga masu shirin sayen gida a Ingila

Salama alaikum 'yan uwa. Kafin ku fara zaryar bankuna, ku nemi dillalin rancen gida. Aikinsa shi ne ya duba albashinku, basussukan da ke kanku da kuɗin da kuka tara na kafin alƙalami, sannan ya faɗa muku bankin da zai iya amsar takardunku. Amfanin wannan babba ne, domin kowace buƙatar rance da aka shigar a hukumance tana barin tabo a tarihin bashin mutum, in ta yi yawa bankuna su fara ɗari-ɗari da shi.

Ku tambaye shi tun farko: duk kasuwa yake dubawa ko 'yan bankuna kaɗan? Wa ke biyansa? Yawanci banki na ba shi la'ada, wasu kuma su ƙara cajin mai saye. A duba sunansa a rajistar FCA, hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi a Birtaniya, ba ya ɗaukar minti biyar.

Mai gudun kuɗin ruwa kuma ya faɗa ƙarara. Akwai tsarin musharaka, irin na Gatehouse Bank, inda kuke mallakar gidan tare da banki, kuna biyan haya kuna sayen kasonsa a hankali. Ba kowane dillali ya san shi ba, wallahi. Ku tanadi takardun albashi na wata 3 kafin ganawar.