Kurakuran da Ƙungiyoyin Besbol Suka Fi Yi Wajen Musayar Masu Jifa na Ɗauki

A ƙarshen watan Yuli, lokacin da ake dab da rufe kasuwar musayar 'yan wasa a babbar gasar besbol ta Amurka, ƙungiyoyin da ke hangen kofi sukan ruga neman masu jifa na ɗauki, wato waɗanda ke karɓar ƙwallo idan mai jifan farko ya gaji. Daga wannan gaggawa yawancin kurakuran ke fitowa.

Mafi tsada a cikinsu shi ne ba da matashi mai tasowa a kan wanda kwantiraginsa saura 'yan makonni. A 1990 Boston Red Sox ta miƙa wa Houston Astros Jeff Bagwell domin ta samu Larry Andersen. Andersen bai gaza ba, amma zagaye 22 kacal ya jefa mata a ragowar kakar kafin ya koma San Diego, alhali Bagwell ya yi kaka 15 a Houston, har ya shiga zauren gwarzayen wasan a 2017. Gyaran shi ne a auna farashi da tsawon zaman da ɗan wasan zai yi, kamar yadda Cleveland ta yi a 2016 da ta ɗauko Andrew Miller, wanda kwantiraginsa ya kai 2018. Masu kare irin wannan ciniki na ɗan lokaci kan kafa hujja da Chicago Cubs, wadda a shekarar ta ba da Gleyber Torres ta karɓi Aroldis Chapman na wata uku, amma a ganina hujjar ba ta kowa ba ce, domin Cubs ita ce kan gaba a lokacin, kuma rabonta da kofi tun 1908.

Kuskure na biyu shi ne yarda da alƙaluman rabin kaka. Mai jifa na ɗauki ba ya cika wuce zagaye 70 a shekara, saboda haka sa'a kaɗan kan ƙawata lissafinsa. Eric Gagné ya zo Boston daga Texas a 2007 ana cin maki 2.16 a kansa a kowane zagaye tara, ya gama da 6.75 a sabon gidansa. Kamata ya yi a duba shekara biyu ko uku, a kwatanta yawan masu bugun da yake fitarwa da waɗanda yake bari su wuce kyauta, sannan likita ya binciki hannu, balle ga irin Gagné da aka taɓa yi wa tiyatar gwiwar hannu da ta baya.

Mai jifa bahago da ake ajiyewa don fuskantar mai bugu ɗaya kacal ya rage daraja tun 2020, da doka ta wajabta fuskantar masu bugu uku ko ƙarasa zagayen, don haka kada a biya shi kuɗin da.

Akwai kuma raina mai araha. A 2019 Washington Nationals ta karɓo Daniel Hudson daga Toronto da ɗan wasa ɗaya na ƙaramar gasa, kuma shi ya jefa ƙwallon ƙarshe a daren da ta ci kofi a Houston.