Yadda ake ɗaukar hoton cikin manyan gine-gine ba kowa a ciki

Irin hoton nan na zaure wayam, wanda Bajamushiya Candida Höfer ta yi suna da shi a ɗakunan karatu da gidajen wasan kwaikwayo na Turai, ginshiƙai ne ke tona asirin mai ɗaukarsa. Da zarar ka ɗaga kyamara sama don rufi ya shigo, sai su karkata kamar za su haɗa kai. Maganinsa shi ne kyamara ta zauna daidai wa daida a kan ƙafa-uku (mazaunin kyamara mai ƙafafu uku), ka kunna ma'aunin daidaito da ke cikinta, ka tsaya a tsakiyar zauren cif. Layin tayil na ƙasa zai nuna maka tsakiyar. Gocewar taku ɗaya ta isa ta sa ɓangare ɗaya ya fi ɗaya faɗi, kuma kwamfuta ba ta gyara wannan da kyau. In rufin bai shigo ba, ka ja da baya ko ka sa lensi mai faɗin gani irin 24mm, ka yanke rarar ƙasan daga baya.

Saiti kuwa: RAW (ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba), ISO 100 (ma'aunin jin haske), buɗewar lensi f/8 zuwa f/11. Daga f/16 zuwa sama kaifin hoto raguwa yake yi. Kashe filasha da maganin girgiza na lensi, ka sa jinkirin daƙiƙa 2 don kada yatsanka ya motsa kyamara. Tagogi sukan ƙone su yi fari fat alhali lungu na cikin duhu, don haka ɗauki hoto uku, mai duhu da matsakaici da mai haske (a -2 da 0 da +2 na ma'aunin haske), ka haɗe su a kwamfuta.

Mutane fa? Ka isa wurin da zarar an buɗe ƙofa. In akwai masu giftawa, gilashin ND (baƙin gilashin rage haske da ake sa wa lensi) mai mataki 10 yana mayar da lokacin ɗauka na 1/30 na daƙiƙa ya zama kusan daƙiƙa 30, mai tafiya ya ɓace. Wanda ya tsaya yana danna waya dai zai fito, sai haƙuri.

Babbar matsala a ƙasashen waje izini ce. Gidajen tarihi da yawa suna barin kyamarar hannu amma su hana ƙafa-uku, shi ya sa ake tura wasiƙa tun kafin a sayi tikiti. Lokacin sanyi kuma, shiga ɗumi daga waje yana sa lensi ya yi gumi. Bar kyamarar a jaka a rufe kamar minti 20.

Kada ka bari sai ka sauka can ka fara koyo, an ce da sanyin safiya ake kama fara. Gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu a Legas, wanda aka kammala a 1976 saboda bikin al'adun baƙar fata na FESTAC 77 bisa fasalin wani zaure na Varna a Bulgeriya, wurin gwaji ne mai kyau in an ba ka izini. Haka ma masallacin unguwarku a Agege ko Idi-Araba, da hantsi kafin azahar, bayan ka nemi yardar liman.