Luksor cikin kwana biyu: yadda mai tasowa daga Abuja zai zagaya kufan Fir'aunoni

Mutanenmu da yawa kan je Alƙahira daga Abuja, wasu asibiti, wasu karatu, wasu sarin kaya, su dawo ba su leƙa Luksor ba. Alhali can ne manyan gidajen bautar Fir'aunoni suke, a bakin kogin Nilu, kimanin kilomita 650 kudu da Alƙahira. Kwana biyu sun isa a ga muhimman wuraren, muddin an tsara yawon da la'akari da rana, domin zafin garin ne ke karya baƙi tun kafin azahar.

Nemi biza da wuri a ofishin jakadancin Masar da ke Abuja, ka kuma riƙe katin allurar shawara. EgyptAir na tashi kai tsaye zuwa Alƙahira, tafiyar wajen awa biyar, daga nan jirgin cikin gida ya kai ka Luksor cikin awa ɗaya. Akwai jirgin ƙasa na dare, amma yana cin kusan awa goma, ka sauka a gajiye. Idan don wannan kawai za ka taso, ware Alhamis zuwa Litinin domin Asabar da Lahadi su zama naka cur. Agogonsu na gaban namu da awa ɗaya, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba kuma awa biyu.

Lokacin zuwa shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu. Daga Yuni zuwa Agusta zafi kan haura digiri 40. Ko a watannin sanyi rana na da kaifi, sai dai asubar bakin kogi tana tuna wa mutum hunturun Jos, saboda haka saka rigar sanyi a jaka.

Inda aka fi shan wahala shi ne wajen tikiti. Manyan wuraren sun daina karɓar tsabar kuɗi, sai kati, katin naira kuwa yakan ƙi aiki a waje. Tafi da katin dala, ka gwada shi tun a Alƙahira. Ƙananan takardun fam na Masar kuma ka canza su da yawa, don jirgin fito, tasi da na goron masu gadi, wanda suke kira baƙshish.

Asabar ta tsallaken yamma na kogin Nilu ce. Hau jirgin fito na jama'a kusa da Haikalin Luksor, ya fi kwale-kwalen haya araha nesa ba kusa ba, ka ɗauki tasi na rabin yini a ɗaya gaɓar. Ka isa Kwarin Sarakuna, inda aka binne Fir'aunoni, da ƙarfe shida, lokacin buɗewa. Kwarin duwatsu ne tsura, babu inuwa, motocin 'yan yawon buɗe ido kuma suna cika shi da hantsi. Kaburbura sun haura 60, amma ba duka ake buɗewa ba, tikitin gama-gari kuma na uku ne kacal, ana huda shi a kowace ƙofa. Kar ka ƙarar da shi a na bakin hanya, tambayi mai tikiti waɗanne ke buɗe a ranar. Kabarin Tutankamun, wanda Howard Carter ya gano a 1922, tikitinsa daban ne, kuma kabarin ɗan ƙarami ne: gawar na ciki, amma an kwashe kayan zinaren zuwa gidan tarihi. In kuɗin ƙarin tikiti ɗaya gare ka, zanen rufin kabarin Ramsis na 5 da na 6 ya fi cancanta. Masu neman gawar Ramsis na 2, wanda wasu ke dangantawa da Fir'aunan Annabi Musa, su sani ba ta Luksor. Tun 2021 tana gidan tarihin Fustat a Alƙahira.

Daga nan sai haikalin sarauniya Hatshefsut mai hawa uku a gindin dutse, sannan Madinat Habu, haikalin Ramsis na 3. Direbobi kan so tsallake wannan na ƙarshe, kar ka yarda: launin fentin ginshiƙansa na nan raɗau, kuma babu cunkoso. Gumakan Memnon biyu masu tsayin kusan mita 18 suna bakin titi, kyauta ne, minti goma ya isa. Ka koma masauki kafin ƙarfe ɗaya. Lita biyu ta ruwa ga kowane mutum ita ce mafi ƙaranci.

Da magariba shiga Haikalin Luksor, a tsakiyar gari yake, ana haska shi da fitilu. A ƙofarsa akwai dogon dutse mai tsini guda ɗaya, ɗan'uwansa na tsaye a Faris tun 1836. A cikin ginin ne masallacin Abul Hajjaj yake, har yau ana salla. Za ka ga tsohuwar ƙofarsa can sama a jikin bango, saboda lokacin da aka gina shi ƙasa ta binne haikalin har wannan tsayin.

Lahadi ka ba Karnak, katafaren haikalin da ke arewacin gari, safiyarka gaba ɗaya. An yi kusan shekara 2,000 sarakuna na ƙara masa gini, shi ya sa baƙo ke rikicewa. Miƙe kai tsaye zuwa zauren ginshiƙai 134, waɗanda na tsakiyarsu suka kai mita 21, kafin jama'a su cika, sannan ka wuce dutsen Hatshefsut mai tsini da tafkin da ke baya. Nan ne ɗan jagora mai lasisi ke da amfani, awa biyu sun wadatar. Titin gumaka mai tsawon kilomita 2.7 da ya haɗa Karnak da Haikalin Luksor, wanda aka sake buɗewa a 2021, a bar shi sai la'asar sakaliya.

Masu keken doki, wato hantur, da masu jirgin filafilai da ake kira faluka za su yi ta binka. Ku yanke farashi kafin ka hau, ka tabbatar fam ake nufi ba dala ba, kuma kuɗin na dukanku ne, zuwa da dawowa. Duk mai gadin da ya ja ka wani lungu ko ya karɓi wayarka zai ɗauke ka hoto, baƙshish yake jira. In ba ka so, ce masa «la, shukran» ka ci gaba da tafiya.