Yadda Ake Tantance Jinsin Kifin Moray ta Siffar Jiki da Gwajin DNA

Gaɓar tekun Legas yawancinta yashi ce da taɓo, shi kuwa moray, dogon kifin teku mai siffar maciji, mazaunin kogon dutse ne, saboda haka ba kullum yake faɗawa hannun masunta ba. Wuraren da suka fi dacewa da shi a nan su ne duwatsun da aka jibge a bakin mashigar jiragen ruwa wajen Tarkwa Bay, da ɓaraguzan jiragen da suka nitse. Ƙarancinsa ya sa duk wanda ya zo hannu yake da daraja ga ɗalibin kimiyyar teku da kuma ɗan kasuwar da yake son sanin abin da yake sayarwa. Danginsa, wato Muraenidae, sun ƙunshi jinsi kusan 200 a duniya, kuma da yawansu suna kama da juna ƙwarai, har launi kaɗai ba ya isa a yanke hukunci.

Da farko ka tabbatar cewa moray ɗin ne, domin akwai wasu dogayen kifaye a tekunmu da ake ruɗa su da shi. Moray ba shi da ɓawo a fata, ba shi da fiffiken gefe a bayan kai, kuma kafar numfashinsa ƙaramin rami ne zagayayye. Idan ka ga fiffike a bayan kai, mai yiwuwa ɗan dangin Congridae ne ko makamancinsa. Idan kuma ƙarshen wutsiya tsini ne mai tauri babu fiffike, to ka nufi dangin Ophichthidae. Kada ka kai hannu kusa da bakinsa sai ka tabbata ya mutu, kuma ko da ya mutu ka sa safar hannu mai kauri, domin haƙoransa suna yanka da zurfi kuma raunin yana saurin ruruwa.

Kafin a sa shi a ƙanƙara mai tsawo ko a sinadari, ka wanke yauƙin jikinsa, ka miƙar da shi a kan allo da rula a gefensa, ka ɗauki hoton jiki gaba ɗaya, da na kai daga gefe, da na baki a buɗe. Launi yana dusashewa bayan mutuwa, kuma abin da ba a ɗauka a wannan lokaci ba ya tafi ke nan.

Daga nan sai a dubi inda fiffiken baya ya faro. A yawancin jinsunan da za ka haɗu da su yana farawa ne daga kan kai ko daidai kafar numfashi, ya zarce har wutsiya. Waɗannan su ne reshen Muraeninae. A ɗaya reshen, Uropterygiinae, fiffiken ya taƙaita ne a can ƙarshen wutsiya.

A sashen kai ne aikin yake, kuma nan ya kamata a daɗe. Moray yana da kafofin hanci biyu a kowane gefe: ta gaba ƙaramin bututu ce a ƙarshen baki, ta baya kuma tana sama da ido ko gabansa kaɗan. Idan ta bayan ma bututu ce tsayayye, alama ce mai ƙarfi ta rukunin Muraena. Idan rami ne kawai, sai a fi zaton Gymnothorax ko Echidna. Bayan haka ka rufe bakin da hannu ka duba daga gefe. Idan muƙamuƙan sun lanƙwashe har ba sa haɗuwa a tsakiya, dogayen haƙora suna leƙowa ko da baki a rufe, wannan siffar Enchelycore ce. Idan haƙoran gajeru ne dakusassu, na fasa ƙaguwa, to Echidna ne, kuma a Afirka ta Yamma wanda aka sani shi ne Echidna peli. Ka ƙirga layukan haƙora a muƙamuƙin sama da na ƙasa da kuma na rufin baki, ka rubuta ko layi ɗaya ne ko biyu, sannan ka lura cewa a wasu jinsuna adadin yana sauyawa da girma, ta yadda ƙaramin kifi da babba na jinsi ɗaya za su iya bambanta. Ƙananan ramukan da suke jere a gefen muƙamuƙi su ma abin dubawa ne, domin a Gymnothorax mareei fararen ɗigo ne suke kewaye su.

Sai bayan wannan ne launi yake da amfani, a matsayin mai ƙarfafa abin da siffa ta riga ta nuna. Muraena melanotis yana da fararen tabo a kan baƙar fata kamar saƙar zuma, da baƙin tabo a kafar numfashi. Gymnothorax afer duhu ne mai ruwan ƙasa. A ganina, babban abin da ke ɓatar da masu farawa shi ne gaggawar gwada hoto da hotunan intanet, waɗanda akasarinsu na kifayen tekun Indiya ne da Fasifik. Abin da ya dace da ruwanmu shi ne jagorar da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2016 kan halittun gabashin tsakiyar tekun Atlantika.

Ka auna tsawon jiki, da tsawon kai, da nisan baki zuwa dubura, ka mayar da su kaso na tsawon jiki. Inda ake da halin ɗaukar hoton ƙashi, ƙirga gaɓoɓin ƙashin baya yana cikin hujjoji mafi ƙarfi: adadin da ke gaban farkon fiffike, da wanda ke gaban dubura, da jimillarsu.

Gwajin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta, yana farawa ne tun a bakin ruwa. Da reza sabuwa ka yanki ɗan nama ƙarami daga gefen dama, domin a al'adar masana gefen hagu ake bari don awo da hoto. Ka jefa shi cikin ƙaramar kwalba mai itanol (sinadarin alkohol) na kashi 95 cikin 100, ka sa masa lambar da ka ɗaura wa kifin, ka ajiye a firji. A yi wannan kafin kifin ya taɓa fomalin, sinadarin da ake adana gawa da shi, domin fomalin yana lalata DNA. A rubuta lambar da fensir, saboda itanol yana wanke tawada, kuma a sauya reza tsakanin kifi da kifi.

Sashen DNA da aka saba karantawa shi ne wanda ake kira COI, mai tsawon haruffan gado kusan 650, bisa tsarin da Paul Hebert na Jami'ar Guelph ta Kanada da abokan aikinsa suka gabatar a 2003. Ɗakin gwaje-gwaje zai ciro DNA, ya ninka wannan sashe, ya karanto jerin haruffansa, kai kuma ka gwada shi da abin da ke rumbun BOLD da na GenBank, wato ma'ajiyun jerin DNA na intanet. Daidaito na kashi 99 zuwa sama yawanci yana nuna jinsi ɗaya, bambancin da ya wuce kusan kashi 2 kuma yana sa a yi zaton jinsi dabam, amma wannan ma'auni ne na taimako kawai. Jariran moray suna yawo watanni a cikin igiyar teku kafin su zauna, don haka kada ka yi mamaki idan kifin Legas ya yi daidai da wanda aka kama a ƙasa mai nisa.

Idan siffa da DNA suka saɓa, kada ka yi saurin bin kwamfuta. Rumbun yana maimaita sunan da wani ya saka ne, kuma akwai bayanan da aka saka da suna ba daidai ba. Ka duba ko bayanin da ya yi daidai da naka yana da hoto, da wurin kamu, da kifin da aka adana a gidan tarihi. Ka sake duba hanci da haƙora, ka tabbatar ba a musanya kwalabe ba, in da hali a karanta wani sashe na biyu. Idan har yanzu ba a daidaita ba, ka rubuta sunan rukuni kawai, misali Gymnothorax, ka bar jinsin a buɗe.

Kifin kansa a adana shi: a jiƙa shi a fomalin na kashi 10, daga baya a mayar da shi itanol na kashi 70, tare da takarda mai ɗauke da lamba, da rana, da wurin kamu, da irin kayan da aka kama shi da su. Mazaunin Legas yana da wuraren neman shawara kusa, kamar Cibiyar Binciken Teku ta Najeriya da ke Victoria Island da sashen kimiyyar teku na Jami'ar Legas da ke Akoka, kuma ya fi kyau ka tuntuɓe su kafin ka yanki naman, domin su faɗa maka irin kwalba da lakabin da suke karɓa.