Kurakuran da masu jita ke yi wajen sayen fegin jaki a Zariya

A jitar katako mai tsirkiyar ƙarfe, akwai 'yan fegi shida da ke tsaye a kan jaki, wato katakon nan da aka manna a fuskar jitar inda tsirkiyoyi ke ƙarewa. Su ne mafi arha a duk kayan jita, kuma su ne aka fi saye da ka. Mutum zai shiga shagon kayan kiɗa a Sabon Gari ya ce, "Maigida, a ba ni fegin jita," a ƙirgo masa shida a leda, ya biya ya hau Keke Napep ya koma Samaru. Sai ya zo ɗaura sabuwar tsirkiya ya ga ɗaya ya nutse har wuya, wani kuma ya tsaya rabi a waje.

Fegi ba girmansu ɗaya ba. Jikinsa yana tsukewa daga sama zuwa ƙasa, kuma tsukewar iri biyu aka fi samu: mai digiri 3 da mai digiri 5. Kamfanin Martin na Amurka mai digiri 5 yake amfani da shi, jitoci da yawa da ake ƙerawa a Asiya kuwa mai digiri 3 ne. Kaurin da ke ƙarƙashin kai ma yakan bambanta, wani milimita 5.3, wani 5.6. Ido ba ya raba wannan, amma ramin jaki yana rabawa. Mai shago ba laifinsa ba ne. Kayan yawanci daga kasuwar Alaba ta Legas suke zuwa, a leda babu rubutun awo. Maganin abin shi ne ka cire tsohon fegi ɗaya mai lafiya ka sa a aljihu, ka jera shi da sabon a tafin hannunka kafin ka biya. In jitar za ta ɗauku, ka tafi da ita gaba ɗaya a gwada a gabanka. Mai saye ta intanet kuma ya nemi mai gyaran inji ya auna masa tsohon da kalifa, wato ma'aunin kauri, aikin minti ɗaya ne.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne zaton da ake yi cewa ƙarfin fegi ne ke riƙe tsirkiya. Ba haka abin yake ba. A gindin kowace tsirkiya akwai ɗan zoben ƙarfe. Idan ka zura shi a rami, wurin zamansa shi ne ƙarƙashin fuskar jitar, ya maƙale a jikin wani siririn katako da aka manna daga ciki. Aikin fegi kawai ya tokare zoben gefe don kada ya dawo ta ramin. Tsirkiyoyi shida idan an ɗaure su suna ja da nauyin da ya kai kusan kilo 70, kuma katakon cikin ne ke ɗaukar wannan nauyi. To, idan zoben ya zauna a ƙasan bakin fegin maimakon gefensa, kana murɗa tsirkiya fegin na tasowa, wani lokaci ya yi tsalle ya faɗi can ƙarƙashin kujera. Daga nan sai mutum ya ɗauko guduma, ko ya naɗa masa takarda, ko ma ya ɗiga sufa gulu. Duk wannan ɓarna ce. Guduma na iya tsaga jakin ta layin ramukan nan shida, kuma gyaran jaki ya fi kuɗin fegi nesa ba kusa ba.

Ga yadda ake yi. Ka ɗan lanƙwasa gindin tsirkiyar kusa da zoben, ka zura ta, ka sa fegin tsagarsa na kallon bakin jitar, wato babban ramin nan da ke fuskarta, ka danna da babban yatsa kawai. Sannan ka ja tsirkiyar sama a hankali har ka ji ta ce ƙas ta tsaya. In kana shakka, zura hannu ta bakin jitar ka shafa: ya kamata ka ji zoben a manne da katako, ba yana lilo a bakin fegi ba. Wasu kan goge bakin fegin da sanfefa ya ɗan karkace don zoben ya zame gefe da kansa, kuma dabara ce mai kyau.

Wajen cirewa, a bar filaya. Tana cinye kan fegin roba, ta kuma ƙwarzane jaki. Abin murɗa tsirkiya na roba yana da 'yar tsaga da aka yi don wannan aiki. In ya ƙi, ka sassauta tsirkiyar, ka tura ta ciki kaɗan, ka turo fegin daga ƙasa da kwabo.

Mu a nan sai mun ƙara da lissafin yanayi. Jita ta fi son iska mai laima kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturun Zariya kuwa yana busar da katako ƙarau, damina ta zo ta kumbura shi. Fegin da ka kankare a watan Agusta don ya matse, yana iya yin sako-sako a Janairu. Kada ka yi gaggawar kai jitar wa kafinta ya buɗa ramin. Ramin da aka faɗaɗa ba ya komawa. A rage fegi, a bar rami.

Maganar roba ko ƙashi ko tagulla ko baƙin katako, ana zuzuta ta fiye da kima. Ƙashi ya fi roba ƙarko, tagulla tana da nauyi, amma canjin sautin kaɗan ne idan aka gwada da sabuwar tsirkiya. Wanda ya ce maka nasa na hauren giwa ne, ka wuce: an haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989. Mai jitar tsirkiyar nailan kuma ba ruwansa da fegi, tasa ɗaurawa ake yi a jikin jaki.